Minsharin jarirai da tsiron bayan hanci: yaushe ake haƙuri, yaushe ake tafiya asibiti?

Jariri yana minshari kamar babba, yana barci baki buɗe, wani lokaci numfashinsa ya tsaya cak kafin ya fizgo shi da ƙarfi. Shin wannan shi ne tsiron nan na bayan hanci da likitoci ke kira adinoyid? In shi ne, dole sai an yi tiyata? Tambayar ta yawaita a bakin iyaye, musamman da hunturu, kuma amsoshin da suke samu sun sha bamban. Kaka ta ce beli ne, a kira wanzami. Mai kemis ya ce mura ce, ya miƙo ruwan magani. Maƙwabciya ta ce nata ɗan ma haka ya yi, ya girma ya daina. Wanda ya kai asibiti kuwa, da zarar ya ji an ce "nama ne ya fito masa a bayan hanci" sai gabansa ya faɗi, yana zaton ciwon daji ne.

Kowace amsa a cikin waɗannan tana iya jefa yaro cikin wahala, wata saboda gaggawa, wata saboda sakaci.

Mene ne adinoyid, kuma a ina yake?

Wata ƴar tsoka ce mai laushi da ke manne a can ƙuryar bayan hanci, sama da ganda, daidai inda hanyar iskar hanci ke karyawa ta gangara maƙogwaro. Kowane yaro da ita ake haifarsa. Ba ciwo ba ce, ba daji ba ce. Tana cikin rundunar garkuwar jiki, ita da ƙululun nan biyu da ake gani a gefen maƙogwaro, waɗanda ake kira tonsil. Aikinsu tare ƙwayoyin cutar da ke shigowa ta hanci da baki, jiki ya san su, ya koyi yaƙarsu.

Lokacin haihuwa ƴar mitsitsiya ce. Tana girma yayin da yaro ke haɗuwa da mura iri-iri, ta kai matuƙar girmanta tsakanin shekara 3 zuwa 7, daga nan ta fara motsewa, har ta kusan ɓacewa wajen balaga. Matsalar ba girman tsokar kaɗai ba ne, girmanta ne idan aka gwada da faɗin wurin da take zaune. Buhun da ba ya tare kowa a babban zaure, in aka ajiye shi a bakin ƙaramar ƙofa sai ya hana wucewa. Shi ya sa yara biyu za su iya samun tsoka mai girma ɗaya, ɗaya yana barcinsa lafiya, ɗayan yana kokawa da numfashi har asuba.

Wani likita ɗan ƙasar Denmak, Wilhelm Meyer, shi ne ya fara bayyana wannan larura dalla-dalla a 1868, bayan ya lura da alaƙar kumburin tsokar da toshewar hanci da kuma raunin ji.

Beli daban, adinoyid daban

A nan ruɗanin ya fi yawa a ƙasar Hausa, kuma a nan aka fi cutar da yara. Beli, ko hakin wuya, shi ne ɗan naman da ke reto a tsakiyar maƙogwaro, wanda kowa zai gani in yaro ya buɗe baki yana kuka. Adinoyid kuwa ba a ganinsa ta baki ko da an haska da tocila, domin yana ɓoye a bayan ganda. Askar wanzami ba ta isa wurin.

To, idan aka cire wa jariri beli saboda minshari, an yanke abin da bai yi laifi ba, an bar toshewar a inda take. An kuma ƙara masa haɗarin zubar jini, da shigar ƙwayoyin cuta, da tetanus mai sandarar da jiki, da ciwon hanta ko ƙanjamau in an yi amfani da ƙarfen da ya taɓa jinin wani. Jinin da jariri ke da shi gaba ɗaya kaɗan ne, zubar da babba ba zai ko ji ba tana iya kai shi ga suma. Kuma yaron da hanyar numfashinsa take a matse tun farko, kumburin da ke biyo bayan yanka da jinin da zai iya shaƙa sun fi yi masa illa fiye da kowa.

Wanzamai mutanen gida ne, masu daraja a al'ada, kuma iyayen da ke kiransu ƙaunar yaron ce ta sa su. Amma gaskiya ɗaya ce: cire beli ba ya buɗe hanyar hanci.

Shekarun yaro su ne tambayar farko

Idan uwa ta ce ɗanta yana ƙara a numfashi, abin da likita zai fara tambaya shi ne, wata nawa gare shi? Dalili kuwa, a jaririn da bai kai wata 6 ba, da wuya adinoyid ya zama shi ne sanadi, tunda tsokar ba ta riga ta girma ba. Daga rabin shekara zuwa sama take fara shigowa cikin lissafi, kuma ta fi yin ɓarna tsakanin shekara 2 zuwa 8.

A sabon jariri akwai wasu abubuwan da suka fi kusa. Na farko shi ne toshewar hanci ta yau da kullum. Jarirai a watanninsu na farko da hanci suka fi yin numfashi, ƙofofin hancin kuma ƙanana ne ƙwarai, ƴar majina kaɗan ko busasshen tasono ya isa ya sa su gurnani. Na biyu shi ne laushin bakin maƙoshi, inda naman da ke saman akwatin murya yake da taushi har yana faɗawa ciki duk sanda yaro ya ja iska. Sautin wannan siriri ne, kamar shewa, ba irin gurnanin minshari ba. Yakan fara a makonni biyun farko, ya ƙaru in yaro yana kuka ko shan nono, ya tsananta tsakanin wata 4 zuwa 8, kuma a mafi yawan yara ya wuce da kansa kafin su cika shekara 2. Shi ne sanadin da ya fi yawa na irin wannan shewa a jarirai.

Sai waɗanda aka haifa da ƙaramar haɓa da ta koma baya, harshe yana faɗawa maƙogwaro. Sai masu larurar Down, wadda ake haifar yaro da ita ta jinkirta masa girman jiki da na ƙwaƙwalwa, da bakwaini, da masu yawan tumbuɗi, da kaɗan da ake haifa bayan hancinsu a toshe da ƙashi ko fata. Wannan na ƙarshe yana da alama mai ban mamaki: jaririn yakan sauya launi idan ya yi shiru ko yana shan nono, ya dawo daidai idan ya fashe da kuka, domin kuka ne ke buɗe masa baki.

Abin da ke faruwa cikin dare

Da rana yaro yana iya zama garau, yana wasa, har dangi su ce uwar ce ke da zuzuta abu. Da dare labarin ke sauyawa, saboda in barci ya yi nauyi tsokokin maƙogwaro kan saki. Hanyar da dama a matse take sai ta ƙara rufewa.

Wanda ya zauna kusa da irin wannan yaro zai ga abin a jere. Minsharin yana hawa yana hawa, sai ya yanke. Shiru. Amma ƙirji da ciki ba su tsaya ba, suna ta ja da ƙarfi, ɗan ramin nan na ƙasan wuya yana lotsawa ciki, tsakanin haƙarƙari ma haka, iska dai ba ta wucewa. Can sai yaron ya zabura, ya yi wani irin shaƙuwa, ya fizgo numfashi, ya juya, ya koma barci. Bayan ƴan mintoci a sake. Goshinsa da ƙeyarsa sun jiƙe da gumi ko da ana sanyi. Sau da yawa za a same shi ya banƙare wuya baya, ko ya kife ya ɗaga ɗuwawu sama, duk neman hanyar iska ne. Wurin shan nono kuma, ya kama ya ɗan tsotsa ya saki yana haki, domin ba zai iya tsotsa da numfashi a lokaci ɗaya ba.

Wannan shi ne yankewar numfashi ta toshewa. A duk yankewa iskar oksijin a jini na iya sauka, ƙwaƙwalwa ta tashe shi ya buɗe hanya, barcin ya katse ba tare da ya farka sosai ba. Yara masu minshari suna da yawa, amma waɗanda abin ya kai ga irin wannan yankewa kimanin 1 ne zuwa 5 cikin kowane yara 100 gaba ɗaya.

Sai dai akwai wani tsayawar numfashi da ba ciwo ba ne, kuma yana firgita sababbin iyaye. Jariri sabon haihuwa yakan yi numfashi da sauri-sauri, ya dakata na daƙiƙa 5 zuwa 10, ya ci gaba. A lokacin dakatawar ƙirjinsa ma a kwance yake, ba kokawa, ba sauyin launi, ba ƙara. Cibiyar da ke sarrafa numfashi a ƙwaƙwalwarsa ce ba ta gama nuna ba, kuma yawanci yana wucewa wajen wata 6. Wanda ake tsoro shi ne tsayawar da ta kai daƙiƙa 20, ko wadda ba ta kai ba amma leɓɓa da harshe suka yi duhu ko fari fat, ko jikin yaron ya saki.

Me ke kumbura tsokar?

Yawan mura shi ne kan gaba, musamman a gidan da yara suke da yawa ko yaron da aka fara kai wa gidan raino. Sai borin jiki ga ƙura da makamantanta, wanda yakan zo tare da atishawa, ƙaiƙayin hanci ko asma. Gado ma yana da hannu.

Akwai kuma abin da ke cikin ɗakunanmu, wanda ba mu cika ɗauka da muhimmanci ba: hayaƙi. Ɗakin mai jego a rufe, ga garwashi, ga turaren wuta, ga maganin sauro na ƙonawa har gari ya waye, wani gidan ga sigarin maigida, ga kuma girkin itace da yaro a goye. Hancin jariri yana shan wannan duka, fatar cikinsa ta kumbura, majina ta ƙaru. Ƙurar hunturu da bushewar iska su ɗora nasu. A ganina, kafin a yi maganar kowane magani, wannan ne wurin da iyaye suke da iko a hannunsu: a turara ɗaki yaro ba ya ciki, a buɗe taga hayaƙin ya fita, a koma gidan sauro.

Idan aka bar abin ya daɗe

Minsharin da ya zo da mura ya tafi da ita ba abin tayar da hankali ba ne. Wanda ake magana a kai shi ne na kusan kowane dare, wata da watanni, ko yaro ba ya mura.

Illar farko a ƙananan yara ita ce rashin girma. Yaron yana ƙona ƙarfinsa wajen jan numfashi, ba ya ƙoshi saboda tsotsa na yi masa wuya, ga shi sinadarin da ke sa girma a lokacin barci mai nauyi jiki ya fi sakinsa, barcin da shi ba ya samu. Sai a ga nauyinsa ya tsaya a katin awo, a ɗauka tamowa ce zalla.

Na biyu kunne. Akwai wani siririn bututu da ya haɗa kunne da bayan hanci, bakinsa kuma dab da adinoyid yake. Tsokar in ta kumbura ko ta zama matattarar ƙwayoyin cuta, ruwa kan taru a bayan dodon kunne. Sau da yawa ba ya ciwo, ba ya fitowa waje, ji ne kawai ke raguwa. Yaron da ba ya ji sosai a shekarun koyon magana bakinsa kan yi nauyi, a makaranta a ce masa daƙiƙi, alhali kunnensa ne a toshe.

Rashin barci a yara ba ya yawan fitowa da gyangyaɗi kamar a manya. Da rigima yake fitowa, da ƙiriniya, da kasa zama wuri ɗaya. A waɗanda suka ɗan tasa akan ga fitsarin kwance, da magana kamar ta mai mura kullum, da sauyin tsarin haƙora da fuska saboda shekarun numfashi ta baki. Idan toshewar ta yi tsanani aka kuma yi watsi da ita, tana iya matsa wa jijiyoyin huhu har ɓangaren dama na zuciya ya gaji. Wannan ba ya faruwa da yawa, amma yana faruwa.

Masu sikila suna buƙatar kulawa ta musamman. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da wannan larura, kimanin 150,000 a shekara, kuma kumburin adinoyid da tonsil ya fi yawa a cikinsu. Saukar oksijin cikin dare na taimakawa wajen lanƙwashewar ƙwayoyin jininsu, an kuma alaƙanta shi da yawan tashin ciwo da haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Mai sikila da ke minshari kullum, a faɗa wa likitansa ko bai tambaya ba.

Yadda ake gano gaskiyar lamarin

Yaro ba ya yin minshari a gaban likita, a farke ake kai shi. Shi ya sa wayar hannu ta zama babbar shaida. A ɗauki bidiyo na minti 1 ko 2 lokacin da barcin ya yi nauyi, a buɗe rigar ƙirji da wuya su fito, a bar sauti ya shiga. A tafi da katin awon nauyi. A riƙe amsar tambayoyi irin su: tun yaushe, dare nawa a mako, yaya shan nononsa, ya taɓa sauya launi.

Likitan kunne, hanci da maƙogwaro yakan nemi hoton eksire na wuya ta gefe, wanda ke nuna yadda tsokar ta ci hanyar iska. Shi ne ya fi samuwa, amma yana iya yaudara idan yaro yana kuka ko haɗiya lokacin ɗauka. Wanda ya fi shi shi ne siririyar na'ura mai kyamara da ake zurawa ta hanci, a ga adinoyid ɗin ido da ido, a leƙa bakin maƙoshi ma, abin da ke da muhimmanci ƙwarai a jarirai. Gwajin barci kuwa, inda yaro zai kwana ana auna numfashi, oksijin da aikin ƙwaƙwalwa, shi ne ke tabbatar da tsananin yankewar, sai dai yana da tsada kuma wuraren yinsa kaɗan ne a yankinmu. Akan maye gurbinsa da ƴar na'urar auna oksijin da ake maƙala wa yaro a yatsa ko ƙafa ya kwana da ita.

Irin waɗannan likitoci sun fi samuwa a manyan asibitoci, kamar Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitocin koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Ga mutumin karkara wannan tafiya ce da kuɗin mota da kwana, kuma shi ne babban dalilin da ya sa wanzami da mai kemis suke riga likita ganin yaron.

Jira, magani ko tiyata?

Likitoci kansu ba bakinsu ɗaya ba a kan yaran da larurarsu ba ta yi tsanani ba. Masu goyon bayan jira suna cewa tsokar za ta motse, kuma tiyata da maganin sa barci suna da nasu haɗarin, balle ga ƙaramin yaro. Masu goyon bayan tiyata suna cewa shekarun da za a ɓata ana jira su ne shekarun girman ƙwaƙwalwa da koyon magana.

Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2013, kan yara 464 ƴan shekara 5 zuwa 9, ya ba kowane ɓangare abin riƙewa. Bayan wata 7, gwajin barci ya dawo daidai a kashi 79 cikin 100 na waɗanda aka cire wa adinoyid da tonsil, ya kuma dawo daidai a kashi 46 na waɗanda aka sa wa ido kawai. Waɗanda aka yi wa aikin sun fi samun gyaran ɗabi'a da jin daɗin rayuwa. Sai dai a lura, binciken bai shafi jarirai ba, bai kuma haɗa da masu tsananin saukar oksijin ba, don haka ba hujja ba ce ta jinkirta wa jaririn da ke shan wuya.

In larurar mai sauƙi ce, akan fara da ɗigon ruwan gishiri na hanci da ake sayarwa don jarirai, da kawar da hayaƙi, da maganin borin jiki. Ga waɗanda suka kai shekara 2 zuwa sama likita kan rubuta feshin hanci mai rage kumburi na wasu makonni. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya motsar da tsokar, sai dai in akwai cutar da aka gano.

Tiyatar kanta gajeruwa ce, yawanci ba ta wuce rabin awa, ta baki ake bi, ba a tsaga fuska. Cire tsokar ba ya karya garkuwar yaro, sauran rundunar na ci gaba da aiki. Amma akwai abubuwan da ya kamata iyaye su sani kafin su sa hannu. Yaron da bai kai shekara 3 ba, ya kamata ya kwana a asibiti ana duba numfashinsa bayan aikin. Tsokar tana iya sake tsirowa, musamman in an cire ta da wuri. Mai tsagaggen ganda ana taka-tsantsan da shi, don kada muryarsa ta koma fita ta hanci. Mai sikila kuma yana buƙatar shiri na daban kafin a shiga da shi. Kuma ba a ba yaro kodin bayan wannan aiki: hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mai ƙarfi a kan haka tun 2013, bayan mutuwar wasu yara.

A gida, da abin da ba ya jiran safiya

Ko jariri yana minshari, a kwantar da shi rigingine a shimfiɗa mai ƙarfi, ba filo, ba tulin barguna, sai fa in likitan da ya duba shi ya ba da wani umarni. Kwanciyar rubda ciki tana iya rage ƙarar, amma tana ƙara haɗarin mutuwar farat ɗaya a cikin barci. Kada a ba shi ruwan maganin mura mai sa barci don a samu a runtsa, domin zaburar nan da yake yi ita ce ke buɗe masa hanya, maganin kuma danne ta yake yi. Kada a shafa man zafi ko kafur a hancinsa, kada a ɗiga mai a ciki. Zuma ma sai ya cika shekara 1.

A koyi ƙirga numfashi na cikakken minti 1 yaro yana kwance shiru. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne: 60 ko fiye a wanda bai kai wata 2 ba, 50 ko fiye daga wata 2 zuwa shekara 1, 40 ko fiye daga shekara 1 zuwa 5. Wanda ya kai wannan, musamman da tari ko zazzaɓi, ana zargin nimoniya ne, ba adinoyid ba.

A tafi asibiti nan take, ko tsakar dare ne, idan leɓɓa ko harshe sun sauya launi, ko numfashi ya tsaya daƙiƙa 20, ko ƙasan ƙirji yana lotsawa yaro yana farke, ko ya kasa shan nono, ko ya yi laushi ana tashinsa da ƙyar. Haka nan ƙarar numfashin da ta zo kwatsam yaro yana wasa ko cin abinci, wataƙila gyaɗa ko wani ƙaramin abu ya shaƙa. In kuma ƙarar ta zo da zazzaɓi, kumburin wuya da wani fari-fari a maƙogwaro, a tuna da mashaƙo, wadda ta ɓarke a Kano da wasu jihohi tun ƙarshen 2022, a kuma tafi da katin rigakafin yaron a nuna wa ma'aikatan lafiya.